Tawada a Kan Nimatou

Ranar da Safwan ya sauke akwatin injinsa a tsakar gida, kan Nimatou ya fara kallo kafin ya dubi fuskarta. Tana durƙushe gaban murhu tana kwashe shinkafa da wake, zufa ta sa ɗankwalinta ya zame baya. Tun haihuwar ɗanta Latif gashin gaban kanta yake zubewa, ga kuma gammo da ƙatuwar robar abinci da take ɗauka kullum daga unguwar Zongo zuwa tashar manyan motoci, inda uwar mijinta Hajiya Rukaiya ke sayar wa direbobi. Daga goshi zuwa tsakiyar kai gashin ya yi shara-shara, fata tana leƙowa ta ƙarƙashinsa.

Safwan ƙanin mijinta ne, mai aski. Ya je Legas ya yi 'yan makonni, ya dawo da wata sana'a da yake kira mikro. Allura ce a bakin inji, ana tsoma ta cikin tawada a yi ta ɗiga ƙananan ɗigo a fatar kai, har mai kallo ya zaci tushen gashi ne yake fitowa. Ya kama shago a bakin titi, an yi fenti, an kafa madubi. Abu ɗaya ya rage masa, hoton kan da ya gyara da hannunsa, domin babu mai miƙa kansa ga wanda bai nuna aiki ba.

"Tanti, Allah ya dawo da ni a daidai," ya ce yana dariya. "Wannan filin ƙwallon naki ni zan shuka shi."

Ta yi dariya, tunda wasan ƙanin miji ne kuma ba a fushi da shi. Ta ja ɗankwalin ta rufe goshinta.

Bayan la'asar ta gane ba wasa ba ne. Mijinta Abdulƙahar ya kira ta ɗakin Hajiya, ta tarar da Safwan a can, an gama maganar yin aikin a kanta, sanarwa kawai ta rage. Ta sunkuyar da kai ta ce ai Baban Latif ma yana da sanƙo, kuma maza ne za su riƙa zuwa shagon, me zai hana a fara da shi. Abdulƙahar ya gyara zaman hularsa.

"Ni a bakin por, tashar jiragen ruwa, nake yini, cikin mutane, ina cinikin motoci. In abu bai yi daidai ba da wace fuska zan fita? Ke kanki kullum a rufe yake. Wa zai gani?"

Ta nuna musu kunnenta na hagu, inda hujin ɗan kunne ya tsiro da wani ƙullutun nama kamar ƙwallon dabino. Ta ce tun a wajen awo wata nas ta gaya mata fatarta ba ta son yanka ko huji, ta kiyaye. Safwan ya ce allurar ba ta shiga jiki, shafa fata kawai take yi. Hajiya ta nuna jarfar da ke gefen bakinta, ta ce su da baƙin tukunya da aska aka yi musu suna yara, ga su nan har sun ga jikoki. Da Nimatou ta ce tana jin nauyin buɗe kanta gaban namiji, Hajiya ta ce ƙanin miji ɗan gida ne, kada ta kawo musu malanta.

Da hantsin washegari aka zaunar da ita a kujera 'yar tsugunno, a bakin ƙofa inda haske yake. Safwan ya fara ɗaukar hoton kan yadda yake. Ya jingina wayarsa da bokiti, wani Bature yana magana a ciki yana aiki a kan wani mutum, Safwan yana tsayar da shi yana sake kunnawa. Ta ga ya goge allurar da auduga da alkol, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ba daga sabuwar leda ya fito da ita ba. Da ta tambaya, ya ce jiya kawai ya gwada ta a gemun abokinsa Kader, kuma Kader lafiyarsa ƙalau.

Injin ya fara kuka kamar sauro a kunne. Ɗigon farko ta ji shi har cikin haƙoranta. Ta damƙe gefen zaninta, ba ta yi motsi ba. Can ta ji wani abu mai ɗumi yana gangarowa gefen girarta, ta shafa ta ga jini gauraye da baƙi. Safwan ya ce haka yake yi, alamar tawada ta kama ke nan. Ya yi ta yi har rana ta take, Latif yana kuka a bayan Hajiya, nono ya cika mata ƙirji. Da ya gama ya goge wurin, ya shafa mai ya yi sheƙi, ya juya kanta wajen haske ya ɗauki hoto ta sama, ta gefe, ta gaba. A madubi, gaskiya, abin ya yi kyau a wannan ranar. Goshin ya cike, kamar gashi ne aka aske ya fara tsirowa. Har ita ma sai da ta ɗan ji daɗi, kuma daga baya wannan ɗan jin daɗin ya fi komai ba ta haushi.

A gaban Hajiya Safwan ya faɗi dokokin: kada ruwa ya taɓa wurin na wasu kwanaki, kada ta yi zufa, kada ta shiga rana. Hajiya ta ce to.

Washegari da asuba Hajiya ta buga mata ƙofa, wake ya jiƙu. Nimatou ta tuna mata maganar zufa. Hajiya ta ce direbobi ba su san da wata doka ba, yunwa suka sani, kuma ba a taɓa jin mace ta kwanta jinya saboda kwalliya ba. Nimatou ta hura wuta, ta dafa, ta naɗa gammo ta ɗora a kan ɗanyen wurin, aka taya ta ɗora roba. Daga gida zuwa tasha kowane taku kamar ana danna mata garwashi.

Kafin mako ya zagayo wurin ya kumbura. Ɗigon da suke tsaf-tsaf suka narke suka haɗe, baƙin ya koma wani shuɗi-shuɗi kamar an zubar da bula. Ƙuraje suka fito a layin goshi, suka fashe. In za ta cire ɗankwali sai ta jiƙa shi tukuna, domin ya manne da mugunya. Ta nuna wa Safwan. Ya leƙa daga nesa, bai matso ba, ya tambaye ta ko tana shafar kai a alwala. Ta ce tana yi, amma ta ƙeya, ba ta taɓa goshin. Ya ce shi ke nan, ita ta ɓata masa aiki, ai ya faɗa mata ruwa ba ya shiri da shi. Zancen rana da gammo bai tayar ba, domin Hajiya tana zaune.

Hajiya ta ce mugun jini ne, akwai mutanen da ko ƙaya ta soke su sai ta zama gyambo. Ta kwaɓa man kaɗe da toka ta shafe mata wurin, ta ɗaure da tsumma. Abdulƙahar ya biya wajen masu tallan magani a kasuwar Tokpa-Hoho ya sayo kafso ja da rawaya, ya ce ta sha wasu, ta fasa wasu ta barbaɗa garin a kai. Ya ce ta yi haƙuri. Kalmar ba ta yi masa wuya, kullum yana da ita a baki in zai fita.

A cikin waɗannan kwanaki aka buɗe shagon. An yi addu'a, an raba goro da lemo, ita ce ma ta soya naman. An buga hoton kanta babba an liƙa a jikin ƙofa, na da da na yanzu gefe da gefe, an yanke fuskar daga gira zuwa ƙasa. Safwan ya sa shi a waya, abokansa suka yi ta turawa. Maza masu sanƙo suka fara zuwa, har daga unguwar Placodji. Duk lokacin da ta wuce da roba a ka sai ta ga kanta tsirara a bakin titi, 'yan zem masu acaɓa suna tsaye a ƙarƙashinsa suna jiran fasinja, shi kuwa kan na gaskiya yana zafi a ƙarƙashin gammo.

Zazzaɓi ya shigo. Kaluluwa ta fito mata a bayan kunne da wuya. Wata safiya ta tashi idonta na dama ya kumbura har ba ya buɗewa sosai. Wari ya fara fita, irin wanda turare ba ya danne shi, ta ga mata a tasha suna ɗan ja da baya in ta sauke roba. Latif ya kai hannu ya fizgi ɗankwalin yana wasa, ta ji kamar an ɗaye mata fata, ta ture shi da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. Yaron ya yi kuka, ita ma ta yi. Hajiya ta ce yanzu kuma abin ya koma kan jikanta.

A ranar ta roƙi mijinta ya kai ta kilinik. Yana cin abincin rana, ya ajiye cokali ya yi mata bayani a hankali, kamar mai lallashin yaro. Ya ce likita ba zai duba ya yi shiru ba, sai ya tambayi wanda ya yi aikin. Safwan kuwa ba shi da takardar komai. In magana ta fita za a rufe shagon, kuma duk abin da gidan ya tara a cikinsa yake. Ya ce ta ƙara kwana biyu, maganin yana aiki a ciki ne, ba a gani. Hajiya daga ƙofar ɗakinta ta ƙara da nata.

"Kuma ki je ki buɗe wa wani ƙato kanki, da aurenki? Mu ba a yi mana wannan tarbiyyar ba."

Nimatou ta dube ta da ido ɗayan da ke buɗewa. Maganar ƙanin miji ɗan gida ta zo mata har bakin harshe, ta haɗiye ta, domin ta san wadda za a ce ba ta da kunya.

Da ta kasa ɗaukar roba, sai aka ce ta zauna a gida ta riƙa girkin kawai. Wannan shi ne sauƙin da aka yi mata, kuma Hajiya ta gaya wa maƙwabta cewa ta hutar da surukarta saboda ciwon ido.

Yayarta Zaituna, mai ɗinki a unguwar Agontinkon, ita ta zo ba zato. An yi suna a danginsu Nimatou ba ta je ba, wayarta kuma kullum sai ta ce lafiya lau. Ta same ta a kicin tana jingine da bango, muciya a hannu, jiki yana rawa. Ba ta tambayi kowa izini ba, ta jiƙa ɗankwalin ta ɗaga shi a hankali. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta mayar, ta ɗauki Latif ta goya, ta kama hannun ƙanwarta. Hajiya ta fito tana cewa ba a fita da matar aure ba da sanin mijinta ba. Zaituna ta gaishe ta da ladabi, ta ce a gaya masa suna kilinik ɗin da ke bayan masallaci, in yana da magana ya same su can.

Abdulƙahar ya same su kuwa, tun kafin a kira su wajen likita. Ya zauna kusa da Nimatou a benci, ya rage murya. Ya ce tunda an riga an zo, an zo, amma in an tambaya ta ce wata mata ce a kasuwa ta yi mata, ba ta san sunanta ba, kuma ita ta kai kanta. Ya ce ta tuna gidan da za ta koma.

Likitar mace ce, ba ƙato ba. Ta sa safar hannu, ta wanke tokar da man kaɗen da garin kafso, Nimatou tana cije leɓe. Tana aiki tana tambaya. Abdulƙahar ya riga matarsa amsawa. Ya ce ai likita ta san halin mata da son gyara, fita ta yi ba da saninsa ba, sai ganin abu suka yi. Har ya ɗan yi murmushi.

Likitar ba ta dube shi ba. Ta ce wa Nimatou ba don ta kama wani take tambaya ba. Tana so ta san ko allurar sabuwa ce, domin in an yi wa wani aiki da ita akwai cututtukan da ke bin jini, kuma ga yaro yana shan nono. In ba ta san gaskiya ba, ba za ta san abin da za ta nema ba.

Nimatou ta dubi Latif yana barci a bayan Zaituna, bakinsa a buɗe. Ta ji ƙafar mijinta ta taɓa tata.

"Ƙaninsa ne," ta ce. "A gida aka yi, a gabansu. Allurar kuma ya yi wa wani da ita kafin ni."

Abdulƙahar ya tashi ya ce zai amsa waya, bai dawo ba.

Aka ɗebi jininta, aka yi mata allura, aka naɗe kan da bandeji. Likitar ta gaya mata komai ba ɓoye-ɓoye. An danna allurar ta wuce inda ya kamata, shi ya sa tawadar ta bazu, kuma ba ta san ma wace irin tawada ba ce. Mai fata irin tata, da wannan ƙullutu a kunne, bai kamata a kusance ta da wannan aiki ba ko a hannun gwani. Ciwon zai warke in an kula. Amma inda ya ci sosai gashi ba zai ƙara fitowa ba, kuma mai yiwuwa tabon ya tashi ya yi tudu. Gashin da ke zubewa bayan haihuwa kuwa, da an bar shi, yawanci da kansa yake dawowa. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta sa Nimatou hawaye, ba wankin ciwon ba. Gwajin jinin farko bai nuna komai ba, amma aka ce sai ta dawo bayan wasu watanni an sake kafin hankali ya kwanta.

Ba abin da ya sami shagon. Likitar ta ce a gaya wa mai aikin ya daina, Zaituna ta aika da saƙon, ba wanda ya amsa. Ba a rufe ƙofa ba, ba a cire hoto ba. Amma a gidan Hajiya an yi kamar an yi mutuwa. Aka ce Nimatou ta tona asirin gida gaban bare, ta kunyata mijinta, ta nemi ta kashe wa yaro sana'a tun tana jaririya. Labarin da ya zaga Zongo shi ne ta yi yaji saboda an yi mata faɗa a kan girki.

Ta zauna wajen Zaituna har bandeji ya fita. Tabon ya tashi kamar yadda aka ce, wani kauri mai sheƙi daga wannan gefen goshi zuwa wancan, shuɗi a ƙarƙashinsa, yana ƙaiƙayi in rana ta yi zafi. A duk tsawon jinyar ba wanda ya leƙo daga gidan mijinta.

Sai wata Juma'a bayan an sauko, Abdulƙahar ya zo shagon ɗinkin da farar shadda. Ya gaisa, ya ɗauki Latif ya yi masa wasa. Sannan ya ce ya zo da albishir: Hajiya ta huce. Ta ce saboda yaron nan ta yafe, Nimatou ta dawo ɗakinta, ta ba Safwan haƙuri a wuce wurin. Zaituna ta tsayar da keken ɗinki ta tambaye shi wa ya kamata ya ba wani haƙuri. Ya ce shi ba rigima ta kawo shi ba. Ya ƙara da cewa, kamar abin da ya tuna yanzu, Hajiya ta ce in zaman nan ya fi mata daɗi ba laifi, amma yaro ya isa yaye, kuma a gidan ubansa za a yaye shi.

Zaituna ta ce za su je wajen manya. Nimatou ta san manyan, ta san a shagon wa ake yi musu aski. Ta shiga ciki ta haɗa kayanta.

A tsakar gidan, daidai bakin ƙofar da aka zaunar da ita, ta durƙusa ta gaida Hajiya. Aka kira Safwan daga shago, ya shigo da sabon agogo a hannu, yana ƙamshi. Ta ce ya yi haƙuri da abin da ta faɗa. Muryarta ba ta yi rawa ba, ta yi mamakin hakan.

"Haba Tanti, ni ban riƙe ki ba," ya ce. Ya nemi ta ɗan ɗaga ɗankwalin, Hajiya ta ce ta ɗaga mana. Wannan karon ya matso sosai, ya duba tabon da kyau, fuskarsa ta washe. Ya ce ai wannan ba matsala ba ce. Yanzu hannunsa ya faɗa, ya sayo tawada mai kyau, kuma da mikro ake rufe tabo, mutane da yawa suna tambayarsa ko yana yi, bai dai sami wanda zai nuna a kansa ba. In ya ƙara bushewa zai rufe mata shi tsaf, kuma ba zai karɓi komai ba.

Hajiya ta jinjina kai, ta dubi ɗanta Safwan da alfahari, sannan ta juyo.

"Kin ji ɗan halak. Bayan duk abin da kika yi masa. Ba za ki gode ba?"

Latif yana tsaye riƙe da gefen zaninta. Abdulƙahar yana duba wayarsa. Nimatou ta sauke ɗankwalin, ta ɗaure shi a hankali don kada ya goge wurin.

"Na gode," ta ce.